Diga, Dagi da Kara: Gwanintar Masu Haƙar Kabari a Ƙasar Kazaure

A Kazaure ko Roni, a Gwiwa ko Babura, mutumin da ya cika bayan sallar asuba da wuya azahar ta same shi a bayan ƙasa. Kafin rana ta take an yi masa wanka, an ɗinka likkafani, an sallace shi a ƙofar gida, an kai shi makwancinsa, jama'a sun dawo sun shimfiɗa tabarmi ana karɓar gaisuwa. A wasu ƙasashe gawa takan yi mako biyu ko fiye a ɗakin sanyi ana ta shirye-shirye. Mu a nan 'yan sa'o'i ne, kuma mun saba da hakan har ba ma tambayar yadda abin yake yiwuwa. Yana yiwuwa ne saboda wasu bayin Allah da ba a ganinsu a wurin wanka, ba a ganinsu a kan tabarmar makoki, sau da yawa ma sallar gawar takan wuce su. Tun mata suna salati a cikin gida, su sun saɓi diga da shebur sun yi gaba.

Mutane da yawa sun ɗauka aikin nan na ƙarfi ne kurum, duk mai ƙwanji zai iya. Ƙarfi kam ana buƙatarsa. Amma a tara samari biyar majiya ƙarfi waɗanda ba su taɓa yi ba, a miƙa musu kayan aiki, a koma gefe a zuba ido. Za su haƙa rami, babu shakka. Kabari kuwa sai an nemo wanda ya iya.

Da kara ake farawa. Da zarar rai ya yi halinsa, wani babba a gidan zai zaro miƙaƙƙen karan dawa, ya gwada tsawon mamacin daga ƙoƙon kai zuwa tafin ƙafa, ya karye abin da ya yi saura, a ba yaro ya garzaya da shi maƙabarta. Yanzu wasu da igiya suke awo, wasu da tef ɗin tela, wasu ma ta waya suke faɗa, amma karan bai ɓace ba. Mai haƙa ba ya ganin gawar da yake yi wa aiki sai an kawo ta. Abin da ke hannunsa wannan karan ne da 'yan tambayoyi. "Namiji ne ko mace? Mai jiki ne? Ya daɗe yana jinya?" Tambayar ƙarshen ba bin diddigi ba ce. Doguwar jinya takan ramar da mutum, wani ciwon kuma yakan kumbura shi, faɗin ramin ciki da gawa za ta kwanta kuwa a kan wannan amsa ya dogara. Sai ya kwantar da karan a ƙasa, ya ƙara ɗan abin da zai ƙara saboda likkafani da ɗaurin kai da na ƙafa, ya ja zane da bakin diga.

A wannan ɗan ƙarin ake gane gwani. In ya yi ƙwauro, sai an iso da makara a tarar rami ya yi kaɗan, jama'a na tsaye cikin rana da gawa a gabansu ana sassaƙar gefe. Babu abin da ke ba mai haƙa kunya irin wannan. In kuma ya saki hannu rami ya yi faɗi, gawa ba za ta zauna a gefenta na dama ba, ko ta kife ko ta koma rigingine, itacen rufi kuma ya kasa kaiwa daga gaɓa zuwa gaɓa.

Kafin ma ya ja zanen sai ya san inda ya dosa. Ana kwantar da mamaci ne a gefensa na dama yana fuskantar alƙibla, shi ya sa kaburburanmu suke miƙe kudu da arewa, kai a kudu, ƙafa a arewa, fuska gabas. To, amma gabas ɗin da muke faɗa a baki ba ita ce alƙibla cif-cif ba. Daga Kazaure, Makka tana gabas ne maso arewa, karkatar ta kai kimanin digiri 20. Rana kuma ba abar dogaro ba ce a nan. A watan Yuni takan ɓullo gabas maso arewa, kusan saitin alƙibla, a watan Disamba kuwa ta zame ta koma gabas maso kudu, tsakanin mafitar biyu akwai fiye da digiri 45. Wanda ya bi fitowar rana da hunturu, ya juyar da fuskar mamaci wani wajen ke nan. Tsofaffin masu haƙa ba da digiri suke lissafi ba, amma sun san da wannan sarai. Suna ɗaukar saiti daga kaburburan da suka gabata, daga fuskar masallacin Idi in yana kusa, daga wata kuka ko tsamiya da suka gāji saninta. Ka shiga tsohuwar maƙabarta ka tsaya a gefe ɗaya ka duba: kaburburan da aka yi shekaru hamsin tsakaninsu, hannuwa daban-daban, amma duk sun kalli wuri guda.

Sai ƙasa. A nan ne ilimin yake da zurfi, kuma a nan ne wannan yanki ya zama makaranta ta musamman, domin ƙasarsa ba iri ɗaya ba ce. Duk wanda ya taso daga Kano ya bi ta Ɗambatta zai lura cewa da ya doshi Kazaure shimfiɗaɗɗiyar ƙasa take ƙarewa, tsaunuka su taso dama da hagu. Yawancin Jihar Jigawa fili ne miƙaƙƙe, amma wannan kusurwa tata ta arewa maso yamma a kan tsohon dutse take zaune. A kewayen Kazaure da Roni da sassan Gwiwa, ba a nisa da sara ake cin karo da tsakuwa, ko burji, ko marmara, wani wurin ma dutsen ne kwance ƙasa da kamu ɗaya. Babura kuwa, can gabas a kan iyaka da Nijar, ƙasar jigawa ce, rairayi mai laushi da fartanya ma ke shiga. Mai haƙa a Roni da mai haƙa a Babura sunan aikinsu ɗaya, amma abin da kowannensu yake fama da shi daban ne.

Na ƙasar dutse da tauri yake yaƙi. Da rani, a watannin Maris da Afrilu, in ya sari fako diga tsalle take yi ta dawo masa, hannu ya yi tsami har kafaɗa. Wanda bai sani ba sai ya ƙara ƙarfi, ya gaji kafin ya kai taƙi biyu. Wanda ya sani yakan fasa saman ƙasar kaɗan, ya zuba ruwa, ya bar shi ya tsuma, ya kwashe abin da ya yi laushi, ya sake zubawa. In ya haɗu da dutse ba ya dukansa a tsakiya. Zai bi gefensa da dagi har ya gano iyakarsa, ya sa ƙarfen a ƙarƙashi ya ɓanɓaro shi. In ya ji amon ya nuna dutsen ba shi da iyaka, ba ya ɓata lokacin mutane, sai ya mayar da ƙasa ya matsa gaba. Da kunne yake wannan hukunci: ƙarar diga a kan ƙaramin dutse daban, a kan shimfiɗaɗɗen dutse daban, a kan ƙasar da ke da kogo a ƙarƙashinta daban. Ladar wahalarsa ita ce bangon raminsa yana tsayawa kyam, ya sassaƙe shi sumul, kusurwa ta fita kusurwa.

Na ƙasar rairayi kuwa haƙar ba ta ba shi wuya, tsayar da ramin ne aiki. Busasshen yashin sama ba ya riƙe kansa, kana kwashewa yana gangarowa. Don haka yakan share shi da faɗi, ya wuce iyakar zanen sosai, har sai ya taras da ƙasa mai danshi wadda in ya dunƙula ta a hannu za ta zauna. Daga nan yake fara kabarin na gaskiya. Yakan yayyafa wa bango ruwa ya shafe da bayan shebur. Ƙasar da ya fitar ba ya tara ta a bakin rami, nesa yake watsa ta, don nauyinta kaɗai ya isa ya rusa gaɓa. Ramin ciki kuma ba ya gaggawar yanka shi, yakan bari sai an aiko cewa an kusa salla, saboda kada iska ta busar da shi ya zube kafin a iso. Shi ne za ka ji yana ɗaga murya in jama'a sun yi cincirindo: "Don Allah a ja baya kaɗan, gaɓa ba ta da ƙarfi." Wasu sukan ga kamar tsawa ce. Ba tsawa ba ce, ya san abin da ke ƙarƙashin ƙafarsu.

Da damina kuma duka biyun abokin gabarsu ɗaya ne, ruwa. A watan Agusta akwai wuraren da in ka yi zurfin gwiwa ruwa zai fara tsattsafowa. Gwani ya san inda ruwa ke kwanciya a maƙabartarsa da inda yake bi in an yi mamako, ya san irin ciyawar da ba ta fitowa sai a wuri mai danshi, yakan tanadi tudu saboda irin waɗannan watanni. Yana gudun gindin suri saboda gara, yana gudun gindin darbejiya saboda saiwa, in kuma dole ta kama, gatari na kusa.

Siffar kabarin kanta hawa biyu ce. Akwai babban rami na sama, mai faɗin da mutum zai tsaya a ciki ya karɓi gawa, zurfinsa bai cika wuce gwiwa ko cinya ba. A cikinsa ake yanka ƙaramin rami siriri, daidai kwanciyar mutum a gefe ɗaya, a bar gaɓa a kowane ɓangare inda itace zai hau. Littattafan fiƙihu da ake karantawa a zaurukanmu, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani da Mukhtasar na Shehu Halilu, sun ambaci hanya biyu: lahadu, wato a ƙwaƙule gefen da ke wajen alƙibla a shigar da mamaci ƙarƙashinsa, da shaƙƙu, wato a tsaga tsakiyar ramin. Malaman Malikiyya sun fifita lahadu, amma da sharaɗin ƙasa ta kasance mai tauri wadda ba ta zubewa. In mai rugujewa ce, shaƙƙu ya fi. Ka ga ke nan littafi ya kawo hukunci ya tsaya, ya bar wa mai diga ya faɗi wace irin ƙasa ce. Malami ya san ƙa'ida, amma ko rairayin Babura zai ɗauki lahadu, wannan fatawar a hannun mai haƙa take.

Haka zancen zurfi. A mazhabarmu ba a son a zurfafa kabari ainun. Abin da ake nema shi ne zurfin da zai hana wari fita, ya hana dabba tonowa. Ba a yanke kamu kaza ba, domin abin da ya isa a marmara bai isa a yashi ba. Nan ma idon gwani ne ma'auni.

Wanda yake ganin aikin nan ƙasƙanci ne ya koma tarihi. Alƙur'ani, a Suratul Ma'ida, ya ba da labarin hankakan da ya nuna wa ɗan Annabi Adamu yadda zai binne ɗan'uwansa, wato binne mamaci yana cikin abubuwan farko da aka koya wa ɗan Adam. A Madina kuma, lokacin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wafati a shekara ta 11 bayan Hijira, mutum biyu aka sani da haƙar kabari. Abu Ubaida ɗan Jarrah yana yin shaƙƙu irin na mutanen Makka, Abu Ɗalha Ba'ansare yana yin lahadu irin na mutanen Madina. Aka aika wa kowannensu, Abu Ɗalha aka samu, shi ya sa aka yi lahadu. Abu Ubaida fa yana cikin goman da aka yi wa bushara da Aljanna, shi ne kuma ya jagoranci rundunar Musulmi a Sham. Irin mutanen da suka riƙe diga ke nan.

In an iso da makara, mai haƙa ba ya komawa gefe, sai dai muryarsa ta yi ƙasa. 'Yan'uwan mamaci biyu ko uku ne suke shiga su karɓa, galibi cikin ruɗewa, wasunsu ba su taɓa yi ba. Shi yake nuna musu inda za su sa ƙafa, ya ce wa wannan, "Alhaji, riƙe kafaɗar," ya ce wa wancan, "Yaro, sassauta, kada ka saki." In mace ce a miƙa mayafi a sama a kāre. A kwantar a gefen dama, a kwance ɗaurin likkafani, a tokare baya da hoge don kada ta juya. Daga nan sai rufi, wanda shi ma fanni ne mai zaman kansa. Ana jera itace a gicciye, ɗaya manne da ɗaya, kowanne ya hau gaɓa sosai. A toshe ƙofofin da suka rage da ƙananan itatuwa ko fasassun tukwane, a shimfiɗa ganye ko ciyawa, sannan a kawo kwaɓaɓɓiyar ƙasa a yaɓe gaba ɗaya har ba a ganin ko tsinke. Manufar ita ce kada ƙasa ta zuba a kan mamaci. Kwaɓin ma da gwaninta: in ya yi ruwa zai zurara ciki, in ya yi tauri ba zai kama ba. Sai an gama wannan ake ce wa jama'a bismilla, kowa ya tura ƙasa, a tayar da ita kamar taƙi ɗaya, a yi mata doro irin tozon raƙumi don ruwan sama ya gangare, a yayyafa ruwa a daddaɓe.

Itacen rufi ya zama abin damuwa a yau. Da can kirya da marke ake nema, masu taurin da gara ba ta cin su da wuri. Yanzu dazukan sun ja baya, abin da ya fi samuwa darbejiya ce, ita ma saye ake yi. Ɗanyen itace marar ƙwari yakan ruɓe cikin damina ɗaya ko biyu, shi ne za ka ga kabari ya rufta ya bar rami. A birnin Kano an daɗe ana rufi da tukwanen ƙasa, wasu wuraren kuma sun koma bulo ko falankin siminti. Zamanin da kuraye ke yawo a bayan gari, akan lulluɓe sabon kabari da ƙaya. Kura ta yi ƙaranci, amma karnuka da awaki da shanun da ke ratsa maƙabartar da ba ta da katanga suna nan.

Akwai wani ilimin da ya fi duk waɗannan tsada, shi ne sanin wa ke kwance a ina. Don a gane dalilin tsadarsa sai an waiwaya baya.

Ba haka kakanninmu suke binne manyansu ba tun asali. A Durɓi ta Kusheyi, cikin ƙaramar hukumar Mani ta Jihar Katsina, ba nisa can da iyakar ƙasar Kazaure ta yamma, akwai manyan tuddai waɗanda kaburbura ne na masu mulkin da. Bature Palmer ya tona wasu a 1907, aka sake tona uku a 1992, aka kai kayan da aka samu birnin Mainz na Jamus aka gyara su. Kowane tudu mutum ɗaya ne a tsakiyarsa, an binne shi da mundaye na tagulla da na hauren giwa, da duwatsun ado, da wuri, da zinariya, har da kwanon ƙarfe da ya fito daga ƙasashen Gabas. Binciken ya nuna kaburburan sun kai shekaru ɗari biyar zuwa ɗari bakwai. Tun a 1068 ma marubuci Albakri ya bayyana yadda ake binne sarkin tsohuwar daular Gana da kayansa, a tara ƙasa a kansa har ta zama tudu. Kabarin wancan zamani shela yake yi: ga mai mulki nan, ga dukiyarsa.

Musulunci ya sauke wannan tudu ya mayar da shi taƙi ɗaya. Risala ta karhanta gini a kan kabari da shafe shi da farar ƙasa. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, a cikin Ihya'us Sunna, ya ware babi a kan jana'iza da maƙabartu yana rarrabe sunna da abin da aka ƙirƙira. Gaskiya ne akwai kaburburan da kowa ya san inda suke: Hubbaren Shehu a Sakkwato, inda aka binne shi a 1817, na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno, na Waliyyi Ɗanmarna a Katsina, da na sarakunan Kano a Gidan Nasarawa, inda aka kai Ado Bayero a 2014. Amma waɗannan 'yan ƙalilan ne. Sauran jama'a, attajiri da almajiri, farin ƙyalle ne da tudun ƙasa da ɗan dutse ko guntun tukunya a wajen kai. Bayan damina goma tudun ya kwanta, alamar ta ɓace.

Yanzu a lissafa. Ɗantunku ya kafa masarautar Kazaure a 1819, ya kuma yi doguwar takaddama da Sarkin Kano Ibrahim Dabo. Dambo ɗan Ɗantunku, wanda ya yi sarauta daga 1824 zuwa 1857, shi ya faɗaɗa ƙasar ya ƙarfafa garin. Daga lokacin zuwa yau shekaru ɗari biyu ke nan ana haihuwa ana mutuwa: waɗanda suka faɗi a yaƙe-yaƙen ƙarni na 19, waɗanda yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 ta ɗauka, waɗanda annobar mura ta 1918 ta kwashe, yaran da sanƙarau ya tafi da su a 1996. Haka Babura, wadda ta daɗe a ƙarƙashin Kano kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a 1991 ta koma masarautar Ringim. Duk waɗannan mutane suna kwance a wani wuri, kusan babu mai rubutu a kansa. Garuruwa sun faɗaɗa, maƙabartar da take bayan gari jiya yau tana tsakiyar unguwa, wata ma an manta maƙabarta ce. Taswirar wannan duka tana cikin kan tsofaffin masu haƙa. Su ne za su ce maka daga waccan tsamiya zuwa kwari an cika shi tun zamanin Sarki wane, nan ɓangaren yara ne, can ne aka jera mutanen shekarar amai da gudawa, wancan kusurwar ta gidan malamai ce. Mutum yakan dawo daga Legas ko Kurmi bayan shekara ashirin yana neman kabarin mahaifiyarsa. Ba ofis yake zuwa ba, wurin Baba mai haƙa yake zuwa, a gaisa, ya faɗi sunan gidansu da shekarar rasuwar, tsoho ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Biyo ni."

Wannan sanin ne yake hana a binne wani a kan wani. Ko da alama ta ɓace, gwani yana gane ƙasar da aka taɓa haƙawa. Ƙasar da ba a taɓa ba hawa-hawa take, baƙa a sama, ja a ƙasa, kowace a wurinta. Wadda aka taɓa juyawa kuwa a gauraye take, diga na shiga cikinta da sauƙin da bai dace ba, wani lokacin a ga ɓurɓushin ruɓaɓɓen itace ko guntun tukunya. Yana ganin haka zai dakata. In kuma ƙaddara ta sa ya kai ga ƙashi, addini ya koya masa cewa alfarmar mamaci kamar ta mai rai ce: zai mayar a hankali, ya rufe, ya yi addu'a, ya matsa. Sannan ya kama bakinsa. Mutanen nan suna ganin abubuwa da yawa, kuma nagarinsu ba sa kai labarin maƙabarta teburin mai shayi. A ganina wannan riƙon amana ya fi ƙarfin damtsen wuyar samu.

Ƙasa ta taɓa sanin darajar ƙidayarsu sau ɗaya. A watan Afrilun 2020, lokacin korona, masu haƙar kabari a Kano, a maƙabartu irin su Ɗandolo, su ne suka fara cewa gawawwakin da ake kawowa sun wuce ƙima. Ba a cika rajistar mutuwa a ƙasar nan ba, don haka babu wata takarda da za ta nuna hakan, sai su da suka san kabari nawa suke haƙawa a rana. Aka yi ta musu. A watan Yuni Ministan Lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya bayyana cewa bincike ya gano mutuwar kusan mutum dubu a cikin 'yan makonnin, kuma mai yiwuwa rabi ko fiye suna da nasaba da cutar. Haka a watan Oktoban 2024, da tankar mai ta yi bindiga a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, aka binne sama da mutum ɗari a rana guda. A irin wannan rana kowa kuka yake yi, amma dole a samu waɗanda za su share hawaye su tsara yadda za a jera bayin Allah nan, kowa fuskarsa a alƙibla.

Ba a makaranta ake koyon aikin ba. Yaro yakan fara da ɗebo ruwa da jan itace, ya koma kwashe ƙasa da shebur, a daɗe kafin a bar masa babban rami. Ƙaramin ramin ciki shi ne na ƙarshe, babba ne yake shiga ya yanka da hannunsa, sai ranar da ya ga yaron ya nuna ya ce masa, "Shiga ka gyara." A ƙauyuka har yanzu aikin gayya ne, maƙwabta ke fitowa, amma ko a nan za ka tarar akwai mutum ɗaya ko biyu da ba a sara sai sun iso. A manyan garuruwa kuwa ya zama zaman dirshan, daga safe har dare, wani lokacin da tocila, ga macizai da kunamu a tsofaffin ramuka, ga ciwon baya, ga gadin dare saboda miyagun da ke tona kaburbura don tsafi. Abin da suke samu galibi ɗan abin da masu mamaci suka miƙa ne, in babu kuma, "Allah ya ba da lada," su ce amin. Binne mamaci farilla ce da ke kan al'umma duka, in wasu suka yi ta faɗi a kan saura. To, waɗannan su ne wasun da suke sauke mana ita kullum. Duk da haka akwai masu ƙyamar haɗa kwano da su, akwai masu yi musu kallon masu jiran a mutu. Wannan rashin adalci ne, kuma rashin tunani ne.

Kundin tsarin mulkin Nijeriya na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya sa kafa maƙabartu da kula da su cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Saboda haka kira na farko ga shugabannin ƙananan hukumomin Kazaure da Roni da Gwiwa da 'Yankwashi da Babura yake: a kewaye maƙabartu, a haƙa rijiya a cikin kowace babba, a sayi diga da shebur, a yanka wa masu haƙa alawus na wata-wata komai ƙanƙantarsa. Masu hali da ke neman sadaka mai gudana su dasa itatuwan rufi, ko su ɗauki nauyin itacen shekara guda. Matasan da suka yi karatu kuma, musamman ɗaliban tarihi da na safiyo, su ɗauki littafi da biro su zauna da tsofaffin nan tun suna raye, a zagaya da su, a zana kowace maƙabarta, a rubuta wane ɓangare aka cika a wane zamani da waɗanda ke kwance a ciki. Neman su ba wuya, kowane mai unguwa da kowane limami ya san sunayen na unguwarsa.